Hutu a jirgin ruwa daga Dubai: ya ci kuɗinsa, amma ki tafi da shirinki

Mata da yawa a Kano sun tambaye ni ko tafiyar jirgin ruwan shaƙatawa ta ci kuɗinta, wasu a shago, wasu a gidan biki, wasu ta WhatsApp. Amsata ita ce e, ta ci. Ni kayan kicin da kayan ɗakin amare nake sayarwa, kuma na daɗe ina zuwa Dubai sari. Duk wadda take wannan harkar ta san zuwa Dubai ba hutu ba ne. Daga Deira zuwa Naif, daga wurin mai kaya zuwa ofishin kago, ƙafa ta kumbura, ki dawo Kano kina neman mai yi miki tausa. A jirgin nan ne na fara sanin ana iya barin gida a dawo jiki ya fi yadda aka tafi da shi. Sai dai abu biyu nake so duk mai niyya ya riƙe. Kuɗin da ake tallatawa ba shi ne kuɗin tafiyar ba. Jirgin kuma ba da mu aka yi tunani ba lokacin da aka tsara shi, don haka sallarki da tsarkinki da abincinki, ke za ki shirya musu tun daga gida.

Mun tafi a watan Janairu, ni da maigida da mahaifiyarsa da ƙananan yaranmu biyu. Irin waɗannan jirage lokacin sanyi suke aiki a Tekun Fasha, kamar daga Nuwamba zuwa Maris, domin da zafi ya shigo ba mai iya zama a saman jirgi. Namu na mako guda ne: ya tashi daga tashar Mina Rashid da ke Dubai, ya je Doha, ya tsaya a tsibirin Sir Bani Yas, ya shiga Abu Dhabi, sannan ya dawo inda ya tashi.

Kafin a kai ga ruwa akwai wahalar takarda. Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza a 2022, sai a Yulin 2024 aka dawo bayarwa, kuma sharuɗɗan sun fi na da tsauri. Abin da ya bambanta wannan tafiyar da zuwa sari shi ne jirgin zai fita daga ƙasar ya shiga Katar, sannan ya sake dawowa. Ke nan bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba, ana buƙatar wadda za a shiga da ita fiye da sau ɗaya, ga kuma izinin shiga Katar. Ki sa ejan ɗinki ya nuna miki a rubuce abin da kamfanin jirgin yake nema daga mai fasfon Najeriya. Idan takarda ba ta cika ba, a bakin tasha za a tsayar da mutum, jirgi ya tafi, kuɗi kuma ba ya dawowa. Haka nan ki isa Dubai kwana ɗaya kafin ranar tashi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai an yada zango a wata ƙasa, kuma jinkirin jirgin sama ba uzuri ba ne a wurin jirgin ruwa.

Surukata ce ta fi kowa tsoro, kuma ban ga laifinta ba. Duk ɗan Kano yana tuna abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya a ciki. Tun a gida take cewa, “Ni dai 'yar nan, ruwa ba sa'an kwando ba ne.” Abin da ya kwantar mata da hankali shi ne atisayen da aka yi kafin jirgi ya motsa. Kowane fasinja, babba da yaro, sai ya je wurin taruwar da aka rubuta masa a katinsa, a nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto, a jiyar da shi ƙarar jiniyar gaggawa: gajeru bakwai, doguwa ɗaya. Wanda bai je ba ana kiran lambar ɗakinsa a lasifika har sai ya bayyana. Dokar ƙasa da ƙasa ce, kuma an ƙara tsananta ta bayan haɗarin jirgin Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Da Hajiya ta ga rigunan ceto a cikin kabad ɗin ɗakinta, ta kuma ga jiragen ceto rataye a jere a gefen jirgi, sai ta ce to yanzu sauran na Allah ne.

Girman jirgin ya wuce abin da hoto yake nunawa. Tsawonsa ya haura mita 300, hawa fiye da goma, mutane dubbai. Wannan girman ne yake sa ba a jin tangaɗi sosai, ga wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ake buɗewa don su rage girgiza. Tekun Fasha ma dai ba mai fushi ba ne. Dare ɗaya iska ta taso, ƙaramar 'yata ta yi ƙorafin jiri, na ba ta maganin da muka taho da shi daga wani kemis a unguwarmu, ta yi barci. Illar girman kuma ita ce nisan tafiya. Mai ciwon gwiwa irin Hajiya, daga ɗaki zuwa wurin cin abinci aiki ne. Idan da tsohuwa za a tafi, a roƙi ɗaki a tsakiyar jirgi kusa da lif. Nan ne ma aka fi samun sauƙin motsin ruwa.

Ɗakunan da aka fi kamawa iri uku ne a mafi yawan jirage: na ciki wanda ba shi da taga ko kaɗan, mai taga da ba a buɗewa, da mai baranda. Mun kama mai baranda ɗaya da na ciki ɗaya da ke kallonsa. Na ciki ya fi araha sosai, tsaf yake, amma in an kashe fitila ba ka sanin dare ko rana, kuma ga mai tashi asuba wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ra'ayina mace Bahaushiya ta daure ta biya na baranda. Saman jirgi, inda wuraren iyo suke, cike yake da mutane cikin shigar da ba mu saba gani ba, ga kiɗa daga hantsi har dare. Baranda ce kaɗai inda zan cire mayafi in zauna iska ta buge ni ba idon kowa. A nan na fi daɗewa. Bayan sallar asuba sai in ɗauko shayi in zauna, jirgi yana shiga tasha a hankali, wani ƙaramin jirgi ya matso gefenmu, ɗan jagoran tasha ya kama tsani ya hau don ya taya matuƙi shiga. Ba mai kirana, ba tukunya a kan wuta, ba abokin ciniki da ke neman ragi. Na daɗe ban ji kaina ya yi sakayau irin haka ba.

Yanzu maganar da tallar ba ta taɓawa. Banɗakin ƙarami ne, mai tsafta, masai ɗin irin mai zuƙa da iska ne kamar na jirgin sama, kuma babu tiyon tsarki, babu buta. Ki sa butar roba a akwati, kowane ɗaki da tasa. Kada a jefa komai a masan ban da takardar da suka ajiye, don bututun siriri ne, toshewar ɗaki ɗaya tana shafar maƙwabta. Alwala kuma a wurin wanka muka riƙa yi, domin kwanon wanke hannun ya yi wa tsohuwa tsayi.

Masallaci babu a jirgin da muka hau, ba kiran salla, ba alamar alƙibla a rufin ɗaki kamar yadda ake gani a otal-otal ɗin Dubai. Mu da muka tashi muna kallon gabas, a can Makka tana yamma da mu, ta ɗan karkata kudu. In jirgi yana tsaye a tasha ba matsala, manhajar waya ta isa. In yana tafiya ne ake shan wuya, don yana juyawa ba ka sani ba, ƙarfen jirgin kuma yana rikita kamfas ɗin waya. Dabarar da maigida ya yi ita ce, akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita yake gane inda yamma take kafin a tayar. Mun tambayi malaminmu hukuncin ƙasaru da sallar cikin jirgi tun kafin mu bar Kano, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Filin da ke tsakanin gado da ƙofar baranda sallaya ɗaya yake ɗauka, sai dai a yi bi da bi. Daga baya wasu Larabawa da 'yan Pakistan suka roƙi ofishin kula da fasinjoji, aka ba su wani ƙaramin ɗakin taro suna jam'in magariba da isha, maigida ya riƙa zuwa. Wannan ya nuna mini in an tambaya cikin mutunci suna saurare. Amma jirgin da yake wata da watanni yana zagaye tsakanin ƙasashen Musulmi, bai kamata a ce sai an roƙa ba. Wannan shi ne babban ƙorafina.

Abinci yana cikin kuɗin tikiti, kuma ba a yi rowa ba. Akwai babban zaure na ɗebi da kanka da yake buɗe kusan koyaushe, akwai kuma wurin cin abincin dare inda ake ba iyali teburinsu da mai hidimarsu har ƙarshen tafiya. Zauren ɗebi da kanka da tsakar rana sai ka ce Kantin Kwari ana jajibirin salla, don haka mu mukan je da wuri ko bayan an watse. Naman alade yana nan a jere da sauran abinci, musamman da safe, kuma ba kullum rubutun da ke gaban kwano yake bayyana komai ba. Wasu miyoyi da kayan zaƙi ma da giya ake haɗa su. Wanda ya cece mu shi ne mai hidimar teburinmu, wani saurayi Musulmi ɗan Indunusiya. Daren farko ya ga hijabin Hajiya, ya sunkuya ya yi mata sallama, sannan ya ɗauki takardar abinci ya riƙa nuna mana da yatsa: wannan ku ci, wannan da giya aka dafa, wannan zan shiga in tambayi kuku. Kullum da dare sai ya kawo mana jerin abincin gobe mu zaɓa tun da wuri. Ya gaya mana watanni yake yi a jirgi bai ga iyayensa ba, kuma haka akasarin ma'aikatan suke, 'yan Filifin da Indiya da Indunusiya, suna aiki safe da dare fuska a sake. Hajiya ta riƙa ce masa “ɗan nan”, tana sa masa albarka da Hausa, shi kuma yana amsa amin.

Mun fi dogara da kifi, ƙwai, shinkafa, taliya, wake da 'ya'yan itace, da ɓangaren abincin Indiya wanda ya fi kusa da bakinmu. Gaskiya girkinsu ba ya jin yaji ko kaɗan. Na tafi da yajin daddawa a ƙaramar roba da garin kunun gyaɗa, kuma su suka riƙe Hajiya. Ruwan zafi ana samu a zauren abinci ko da wane lokaci, sai in ɗebo a fulas in dama mata a ɗaki. Wanda yake son naman halal tabbatacce ya sa ejan ya rubuta wa kamfani tun makonni kafin tafiya, don ba a ranar ake shirya shi ba.

Akwai kayan da ba a shiga da su, kuma sun shafe mu kai tsaye. Duk abin da yake yin zafi ko wuta an hana: dutsen guga, hita, butar lantarki, kyandir, kasko da gawayi. Abin da jirgi ya fi tsoro a tsakiyar teku gobara ce. A gabana aka buɗe akwatin wata baiwar Allah aka cire mata abin ƙona turare na lantarki, aka ba ta rasit ta karɓa ranar sauka. Don haka turaren wuta ya zauna a gida, humra da turaren fesawa su yi aiki. Atamfa da leshi kuma a goge su tun daga Kano a jera da kyau, in ba haka ba sai an biya kuɗin guga.

Kuɗi ne inda mutane suka fi shan mamaki. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Ana ba kowa kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin biya. Sai a haɗa shi da katin banki ko a ajiye musu tsaba a kantar biyan kuɗi. Katin naira ba abin dogaro ba ne a waje, don haka mu daga Wapa muka canji dala muka ajiye. Abin da ejan ɗinmu bai faɗa mana ba shi ne kuɗin hidima da ake ɗora wa kowane fasinja kowane dare, wanda ya haura dala 10 ga babba. Ki lissafa na mutum biyar na mako guda ki gani. Ban ji ƙyashin kuɗin ba bayan na ga irin aikin da yaran nan suke yi, abin da ya ɓata mini rai shi ne a ce mini “komai yana ciki” alhali ba haka ba ne. Lemon kwalba, ruwan gora, kofi na musamman, duk saye ake yi, kuma akwai wani kaso na hidima a kan kowane kofi. Za a yi ta tallata miki tsarin abin sha na mako. Ki duba da kyau, mafi yawansu don masu shan giya aka yi su. Akwai na marasa giya, amma mu ruwan injin da ke zauren abinci da shayi sun ishe mu. Hotunan da masu hoto suke ɗauka, wasu gidajen abinci na musamman, wurin gyaran jiki, asibitin jirgi, duk da kuɗinsu. Asibitin yana da tsada, don haka inshorar tafiya da magungunan hawan jini ko suga na mai shan su wajibi ne.

Intanet ma saye ake yi, ta tauraron ɗan'adam take zuwa, kuma ba araha. Da jirgi ya bar gaɓa ki kashe datar layinki na gida, domin wayar tana iya kama hanyar sadarwar jirgin, kuɗin kuma ba a magana. Ni ban saya ba. Na bar wa ƙanwata shago, in mun sauka tasha in duba saƙonni in amsa na gaggawa, kuma rabin hutun da na samu daga nan ya fito.

Wasannin dare da gidan rawa da wurin caca ba namu ba ne, sai dai a sani cewa a wasu hawa hanya takan ratsa ta kusa da su, mu sai muka koyi zagayewa. Yara kuwa sun more. Akwai sashen yara kyauta, an raba su gwargwadon shekaru, kuma ba a ba kowa yaro sai wanda ya sa hannu ya kawo shi.

A Doha mun ɗauki tasi da kanmu zuwa kasuwar Souq Waqif, wadda ba ta da nisa da tasha, muka sayi dabino da kayan ƙamshi, yara suka kalli shaho a sashen masu sayar da su. Agogon Katar yana bayan na Dubai da awa ɗaya, don haka ki bi lokacin da jirgi ya sanar, kada ki bi wanda waya ta canja da kanta. Ana rubuta lokacin dawowa a bakin ƙofar fita, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa ya makara. Wanda ya sayi yawon da jirgin ya shirya shi ake jira, amma kuɗinsa ya ninka na tasi nesa ba kusa ba.

Sir Bani Yas tsibiri ne da Sheikh Zayed, wanda ya kafa Daular Larabawa, ya mayar gandun namun daji. A nan kam na ga amfanin sayen yawon jirgi, don ba wata hanyar shiga gandun sai da motarsu. Mun ga barewa garke-garke, da raƙumin dawa, da jimina, da wata farar dabba mai dogayen ƙahoni miƙaƙƙu wadda ta kusa ƙarewa a duniya kafin a farfaɗo da ita a irin waɗannan wurare.

Inda ya fi taɓa ni shi ne Masallacin Sheikh Zayed a Abu Dhabi. An buɗe shi a 2007, yana da ƙubba 82, yana ɗaukar masallata fiye da 40,000, kabarin shehin kuma yana gefensa. Shiga kyauta ne, sai dai a yi rajista ta intanet. Kafet ɗin babban zauren da hannu aka saƙa shi a Iran, ƙafa tana nutsewa a ciki. Daga inda mota take ajiye mutane zuwa harabar akwai tafiya, sai da muka nemi keken guragu don Hajiya, aka ba mu ba tare da wata matsala ba. Bayan kwanaki ana salla a lungun gado, jin kiran salla da tsayuwa a sahu ya sa ta hawaye. Idan lokacin tsayawar jirgi a Abu Dhabi gajere ne, ki bar kantuna ki je nan.

Wa zan ce ya je? Ma'aurata, da iyali masu yara da suka yi wayo, da duk mai son ya huta da tsohuwarsa ba tare da ɗaukar akwati daga otal zuwa otal ba. A mafi yawan jirage, mai juna biyu da cikinta ya kai mako 24 ba a ɗaukarta, haka ma jaririn da bai kai wata 6 ba. Mai neman sari kuma ba tafiyarsa ba ce, awannin da ake yi a kowace tasha ba su isa ciniki ba. Wanda giya da kiɗan saman jirgi za su hana shi sukuni, ya duba jirgin shaƙatawa na Saudiyya mai suna AROYA, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disamban 2024, da abincin halal da wurin salla a ciki. Shi nake so mu gwada nan gaba in Allah ya hore, a haɗa da Umara.

Daren ƙarshe ana ajiye manyan akwatuna a ƙofar ɗaki da alamar launi a jikinsu, ma'aikata su kwashe, sai a tasha za a sake ganinsu. Ki ware kayan da za a sa da safe, da fasfo, da magunguna, da sallaya a ƙaramar jaka. A daren ne kuma ya kamata ki karɓi takardar lissafinki ki bi ta layi-layi. Mu mun ga an sa mana kuɗin ruwan gora na ɗaki da ba mu taɓa ba, maigida ya je kanta suka cire nan take, suka ba shi ragowar dalarmu. Da safe layin ya yi tsawo ƙwarai. Sauka ana yin ta rukuni-rukuni ne, tana cin lokaci, don haka tikitin komawa Kano ya zama na yamma ko na dare.